Alamar Wi-Fi a cike amma shafi ba ya buɗewa: matsalar daga rauta take ko daga kamfanin intanet?

Abu Safwan ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman taimakon masana da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, domin ina son in gane tushen matsalar kafin in kashe kuɗi a kan abin da ba zai magance ta ba. Wata biyar ke nan da aka haɗa mini intanet a gida ta wayar nan mai zaren gilashi, kuma tsarin da nake biya shi ne na megabit 100 a kowace daƙiƙa. Ma'aikatan da suka zo sun kafa wani ƙaramin akwati a jikin bango, daidai inda wayar ta shigo, suka jona shi da wata na'ura mai eriya huɗu wadda suka ce sunanta rauta, suka ba ni kalmar sirri, suka tafi ba tare da sun bayyana mini aikin kowace ɗaya ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, duk lokacin da nake sauke babban fayil a kwamfuta, lambar da nake gani ba ta taɓa wuce 11 ko 12 ba, alhali 100 aka ce an ba ni. Bayan haka, a ɗakin da ke can ƙarshen gidan, inda nake yawancin aikina, kiran bidiyo yakan yanke, murya ta riƙa sarƙewa, duk da cewa a falo komai yana tafiya daidai. Amma wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da kan faru sau biyu ko uku a mako: alamar Wi-Fi tana nan a cike a kan waya, ko sanda ɗaya bai ragu ba, amma babu shafin da zai buɗe, kuma a cikin wannan halin wani lokaci sai in ga saƙon WhatsApp ya shigo.

Wani abokina ya ce in sayi na'urar ƙara ƙarfin sigina, wani kuma ya ce in canza kamfani gaba ɗaya. Ina roƙon a yi mini bayani tun daga tushe, ko da zai yi tsawo, saboda na fi buƙatar in fahimci yadda abin yake aiki a kan a ce mini kawai in kashe na'ura in sake kunnawa. Na gode.

Injiniya Mudi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Ka yi daidai da ka tsaya yin tambaya kafin saye, domin abubuwan nan uku da ka kawo ba ciwo ɗaya ba ne, kuma na farkonsu ma ba ciwo ba ne sam.

Abin da nake son ka fara riƙewa shi ne, Wi-Fi daban, intanet daban. Haɗi biyu ne a gidanka, ko da yake ido yana ganinsu kamar ɗaya. Akwai haɗin cikin gida, wato tsakanin wayarka ko kwamfutarka da rauta, sannan akwai haɗin waje, wato daga rauta zuwa akwatin bango, daga nan zuwa kamfanin, daga kamfanin zuwa sauran duniya. Sandunan da kake gani a kan waya ƙarfin haɗin cikin gida kaɗai suke aunawa, ba su san komai ba game da abin da ke bayan rauta. Da za a yanke wayar gilashin a kan titi yanzu, sandunan nan za su ci gaba da zama a cike muddin rauta tana da wuta.

Akwatin da ke bango aikinsa fassara ne. Bayanai suna zuwa cikin zaren gilashi a matsayin haske, shi kuma yana mayar da su siginar lantarki wadda kebul na cikin gida zai iya ɗauka. Inda ake amfani da layin tarho na tagulla ko layin wayar salula, na'urar da ke wannan aiki ita ce ake kira modem. Rauta kuwa ita ce mai rabo da tsaron ƙofa: tana karɓar haɗi guda ɗaya daga waje, ta raba shi ga duk na'urorin gidan. Wasu kamfanoni sukan haɗa aikin biyun cikin akwati ɗaya, shi ya sa mutane da yawa ba sa bambance su.

Game da 11 ko 12 da kake gani, ba a tauye maka komai ba, ma'auni ne ya bambanta. Kamfanoni suna ƙidaya gudu da megabit, manhajar da ke sauke fayil kuma tana ƙidayawa da megabait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Idan ka raba 100 gida takwas za ka samu 12.5, sannan wani ɗan kaso yana tafiya a kan bayanan da ake liƙa wa kowane ƙunshi, wato ɗan guntun saƙon da ake aikawa, domin ya san inda zai je. Saboda haka 11 zuwa 12 shi ne cikakken abin da ka biya.

Yanzu sai matsalar shafin da ba ya buɗewa, wadda sai an ɗan yi bayanin adireshi kafin a gane ta. Kowace na'ura da ke magana a intanet tana buƙatar lamba da ake kira adireshin IP. Tsarin da aka fi amfani da shi har yanzu, wato IPv4, an tsara shi ne a 1981 da tsawon bit 32, abin da ke ba da adireshi kimanin biliyan 4.3 kacal. A wancan zamanin adadin ya yi kama da wanda ba zai ƙare ba, amma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet a duniya, ta raba rukuni na ƙarshe da ya rage a hannunta. Dabarar da ta sa har yau ake ci gaba da aiki ita ce a ba gida guda adireshi ɗaya na waje, rauta kuma ta riƙa ba na'urorin ciki adireshi na cikin gida, waɗanda galibi suke farawa da 192.168, ko da 10, ko kuma daga 172.16 zuwa 172.31. Waɗannan lambobi an keɓe su ne domin amfanin cikin gida, kuma miliyoyin gidaje suna amfani da iri ɗaya ba tare da sun ci karo ba. Duk saƙon da zai fita, rauta tana cire adireshin ciki ta sa na waje, ta rubuta a littafinta wace na'ura ce ta aika, idan amsa ta dawo sai ta miƙa wa mai ita. Wannan shi ake kira NAT. Sabon tsarin IPv6 mai bit 128 an fito da shi ne domin a huta da wannan ƙarancin, amma har yanzu tsarin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Mutum ba ya haddace lambobi, suna yake rubutawa a burauza. Don haka kafin kowane shafi ya buɗe, sai na'urarka ta tambayi wata uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima a intanet, cewa, wannan suna wace lamba ce tasa? Wannan tsari shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, kuma aikinsa kamar na kundin lambobin tarho ne. Idan uwar garken DNS da kake amfani da ita ta daina amsawa, hanya tana nan a buɗe amma na'urarka ba ta san inda za ta dosa ba. Manhajar da ta riga ta buɗe haɗi tun kafin matsalar ta fara, ko wadda ta adana lambar, tana iya ci gaba da aiki, shi ya sa na fi zargin DNS da na ji ka ce saƙon WhatsApp yana shigowa alhali shafuka sun tsaya.

Zargi ne dai, kuma akwai hanyar tabbatarwa. Ranar da abin ya sake faruwa, kada ka kashe komai tukuna. Ka buɗe tagar ba da umarni a kwamfuta, wadda a Windows ake samu ta hanyar rubuta cmd, ka rubuta ping, wato umarnin da ke aika ɗan saƙo ya jira amsa, tare da adireshin rautarka, wanda yawanci 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, kuma akan rubuta shi a takardar da ke liƙe a ƙarƙashinta. Idan amsa ba ta dawo ba, matsalar tana cikin gida. Idan ta dawo, sai ka gwada ping 8.8.8.8, wadda uwar garken Google ce. Rashin amsa a nan yana nuna haɗin waje ne ya yanke. Idan kuwa wannan ma ta amsa amma ping google.com ya gaza, to babu shakka DNS ne. Ka kuma duba adireshin da kwamfutarka ta samu: idan ya fara da 169.254, ma'anarsa rauta ba ta ba ta adireshi ba, kwamfutar ce ta ƙirƙiro wa kanta.

Ummu Khadija ta amsa:

Allah ya saka wa Injiniya da alheri, bayaninsa ya gamsar. Ni zan tsaya ne a kan batun ɗakin ƙarshe, kuma ina ba Malam shawarar ya dakata da sayen na'urar ƙara sigina, domin mutane da yawa suna saye su dawo suna cewa abin bai sauya ba, wasu ma ya ƙara lalacewa.

Dalili shi ne, irin wannan na'ura ba ta ƙirƙirar ƙarfin da ba ta samu ba, maimaita abin da ta ji kawai take yi. Idan aka ajiye ta a ɗakin da sigina ta riga ta raunana, sanduna za su cika a kan waya amma abin da ke bi ta cikinsu mai rauni ne. Ƙari a kan haka, waɗanda suke da rediyo ɗaya tak dole su saurara sannan su maimaita a kan tasha guda, wanda ke rage gudu da kusan rabi.

Kafin komai a duba inda rauta take. Siginar Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma bangon kankare mai rodi, da ƙofar ƙarfe, da babban madubi, da tankin ruwa duk suna raunana ta ko su karkatar da ita. Ma'aikata sukan ajiye rauta ne kusa da inda waya ta shigo, saboda nan ne ya fi musu sauƙi, ba don nan ne ya fi dacewa ba. Wurin da ya dace shi ne tsakiyar gida, a sama, a fili, ba a ƙasa ko cikin kabad ko bayan talabijin ba.

Sai kuma batun zango. Yawancin rautoci na yanzu suna watsawa a zango biyu, wato gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 5 ya fi gudu kuma ba shi da cunkoso sosai, amma ba ya jure ratsa bango. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, sai dai ya cika da jama'a: rautocin maƙwabta suna kansa, na'urorin Bluetooth suna kansa, hatta na'urar ɗumama abu ta maikurowef tana aiki a kusa da gigahaz 2.45. A wannan zango tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, don haka idan za a zaɓi tasha da hannu, a zaɓa daga cikinsu.

A ra'ayina, ga wanda yake aikinsa kullum a ɗaki guda, babu abin da ya kai kebul. Kebul na Ethernet nau'in Cat5e yana ɗaukar megabit 1,000 har tsawon mita 100, bango ba ya hana shi, maƙwabci ba ya raba shi da kai. Idan ana son Wi-Fi a ɗakin ma, sai a jona wata na'urar watsa sigina a ƙarshen kebul ɗin, wannan ya fi na'urar maimaitawa nesa ba kusa ba. Tsarin nan na na'urori da yawa masu magana da juna, wanda ake kira mesh, yana da kyau ga gidan da jan kebul ba zai yiwu ba, amma shi ma ya fi ƙarfi idan an haɗa na'urorin da kebul.

Abu Safwan ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama, Allah ya ƙara ilimi. Na jona kwamfuta da kebul kai tsaye a jikin rauta, gwajin gudu ya nuna 94, don haka hankalina ya kwanta ta wannan fuska. Rautar kuwa lallai a ƙasa take, a kusurwar falo bayan talabijin. Na ɗaga ta na mayar da ita saman wani kanta a hanyar shiga ɗakuna, kuma sigina ta ƙaru a ɗakin ƙarshe. Jiya da dare matsalar shafuka ta dawo, na bi matakan nan, rauta ta amsa, 8.8.8.8 ta amsa, amma google.com bai amsa ba, kamar dai yadda Injiniya ya yi hasashe.

Abin da ya rage shi ne, har yanzu kiran bidiyo yakan sarƙe da daddare ko da ina kusa da rauta, alhali gwajin gudu yana nuna lamba mai kyau. Sannan da na shiga shafin saitin rauta, na ga sunan shiga da kalmar sirri duk admin ne. Shin wannan yana da haɗari, tunda dai Wi-Fi ɗin yana da tasa kalmar sirrin?

Malam Ɗanjuma ya amsa:

Malam Abu Safwan, bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ba ta jiran gobe. Kalmomin sirri biyu ne, kuma ƙofofi biyu suke tsarewa. Ta Wi-Fi tana hana baƙo shiga hanyar gidanka, ta shafin saiti kuma tana hana wanda ya riga ya shiga, ko wata muguwar manhaja da ta kama ɗaya daga cikin na'urorinka, sauya yadda rautar ke aiki. Wanda ya mallaki shafin saiti yana iya canza DNS ɗinka zuwa nasa, ta yadda za ka rubuta sunan shafin bankinka daidai amma a kai ka wani shafin na jabu. Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai: a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubun-dubatar kyamarori da rautoci ta hanyar gwada jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu suke sakawa, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da irin waɗannan na'urori wajen kai hari kan kamfanin Dyn mai hidimar DNS, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga mutane da yawa a Amurka. Ka canza kalmar sirrin shafin saitin yau, ka sa doguwa wadda ba ka amfani da ita a wani wuri.

Tunda kana cikin shafin, ka duba nau'in tsaron Wi-Fi. Idan ka ga WEP, ka bar shi nan take, domin tun 2001 aka gano yadda ake fasa shi. Ka zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 idan na'urorinka sun san shi. Ka kuma kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ta danna maɓalli ko sa lamba maimakon kalmar sirri, saboda a 2011 an nuna cewa lambarsa mai alƙaluma takwas ana iya gano ta da gwaji kimanin 11,000 kacal. Idan akwai sabuntawar manhajar rautar, ka yi ta.

Batun kiran bidiyo kuma, gudu ba shi ne komai ba. Gudu yana faɗa maka yawan bayanan da hanya ke ɗauka a daƙiƙa, jinkiri kuma yana faɗa maka tsawon lokacin da ƙunshi ɗaya ke ɗauka ya je ya dawo, kuma shi ne lambar da ping ke nunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kiran bidiyo megabit kaɗan yake buƙata, amma yana son su iso a kan kari kuma a jere. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya idan ana son hira ta gudana ba tare da an ji tsaiko ba. Wani ɓangare na jinkiri babu yadda za a yi da shi, domin haske cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, don haka uwar garken da ke nisan kilomita 10,000 ba za ta amsa a ƙasa da milisakan 100 ba. Masu amfani da tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 sukan ga kusan 600.

Amma naka tunda da daddare yake faruwa, na fi zaton cunkoso ne. Wayoyi da yawa an saita su ne su ɗora hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet da zarar sun hau Wi-Fi ana cajinsu, kuma a tsare-tsare da yawa gudun ɗorawa bai kai na saukewa ba. Idan hanyar fita ta cika, ƙunshin muryarka yana shiga layi a bayan hotunan wani, sai jinkiri ya yi tsalle. Ka bar ping 8.8.8.8 yana gudana lokacin da kiran ke sarƙewa, sannan ka cire sauran na'urori daga Wi-Fi ɗaya bayan ɗaya. Idan lambar ta faɗo bayan cire wata, ka gano mai cika hanyar, kuma yawancin rautoci suna da saitin fifita wata na'ura a kan sauran. Idan ba ta faɗo ba ko da kai kaɗai ne a kai, to cunkoson yana wajen kamfanin ne a lokacin da kowa ya dawo gida.

Injiniya Mudi ya ƙara da cewa:

Madalla da gwajin ya tabbatar. A shafin saitin, ka nemi wurin DNS ka sa 8.8.8.8 a gurbin farko, 1.1.1.1 ta Cloudflare a gurbi na biyu, domin idan ɗaya ta yi shiru ɗayar ta amsa. Idan kamfanin ya kulle wannan saiti a rautarsa, kana iya sa lambobin a kan kwamfuta da waya kai tsaye.

Akwai abu guda game da 94 ɗin da ka samu wanda ya kamata ka sani tun yanzu. Lamba ce mai kyau ga tsarin megabit 100, amma kuma ita ce iyakar ramin kebul na tsohon nau'i mai megabit 100. Idan wata rana ka koma tsarin da ya fi wannan kuma ka ga har yanzu 94 kake samu, ka duba ko ramukan rautar da na kwamfutar na megabit 1,000 ne, ka kuma gwada wani kebul, domin wannan gudun yana buƙatar duka wayoyi takwas da ke cikin kebul, kuma idan wasu sun tsinke haɗin yakan koma 100 da kansa.

Ranar da 8.8.8.8 ma ta ƙi amsawa, ka dubi fitilun akwatin bango. A yawancinsu akwai wadda aka rubuta wa LOS, kuma idan ta yi ja, haske ne ba ya isowa, wanda aikin kamfanin ne gyarawa. Ka rubuta ranar da lokacin da abin da gwajin ya nuna kafin ka kira su. Kada ka lanƙwasa siririyar wayar gilashin sosai wajen matsar da kaya, domin tana karyewa daga ciki, kuma kada ka zare ta ka leƙa bakinta, saboda hasken da ke cikinta ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani.